Yadda ake gano matsalar fitilar babur mai ɗaukewa tana dawowa

Fitilar da ta mutu gaba ɗaya ba ta da wuyar sha'ani. Mai ba da wahala ita ce wadda za ta kawo yanzu, an jima ta ɗauke: kana gangarowa daga Farin Gada da dare ka faɗa rami, gabanka ya yi duhu, ka ƙara gaba kaɗan ta dawo. Da safe ka kai wa mai wayarin, ita kuma ta ƙi nuna halinta. Irin wannan galibi ba wani kaya ne ya ƙone ba, mahaɗin waya ne ya saki ko ya yi tsatsa. A Jos kuwa dalilan sun haɗu: ruwan Yuli da Agusta, raɓar asuba, ga gargadar hanyoyin unguwa. Don haka kada ka yi saurin zuwa Dilimi sayen batir ko koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta idan injin na juyawa.

Ka tanadi sukudireba, sifana mai lamba 8 da mai lamba 10, samfefa mai laushi, salatif na wuta, ɗan giris, guntuwar waya kamar kamu biyu, da mitar gwada wuta idan da hali.

Da farko ka san daga inda fitilarka take shan wuta. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka kunna fitila. Idan ta kama, daga batir take sha. Idan sai injin ya tashi take kamawa, to galibi kai tsaye daga koyil ɗin magneto da ke gefen injin take sha, kamar yadda ƙananan babura da yawa suke. Irin wannan ta biyun, dusashewarta lokacin da injin ke aiki a tsaye da ƙarin haskenta idan an ja totur ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta. Kuma sabon batir ba zai gyara ta ba.

Na biyu, ka sa matsalar ta bayyana a gabanka. Kafe babur a inuwa, tayar da shi, haska fitilar a bango. Juya kan babur a hankali zuwa ƙarshen dama, sannan ƙarshen hagu. Bubbuga gidan fitilar da tafin hannu. Motsa makullin kaɗan a raminsa. Sannan ka bi damin wayoyi da yatsu, kana girgiza su gaɓa gaɓa, idonka na kan bango. Inda hasken ya ƙifta, nan ne wurin. Ka lura kuma ko hon da sigina suna ɗaukewa tare da ita. Idan duk suna tafiya tare, matsalar tana can baya, wajen kan batir, fis ko makulli. Idan fitila ce kaɗai, galibi tana tsakanin makunni da ƙwai.

Buɗe gidan fitila ka zare ƙwan. Yawancinsu 12V 35/35W ne, masu zare biyu a ciki, ɗaya na dim ɗaya na ful. Zaren da ya tsinke yakan riƙa taɓa juna idan babur na girgiza, ya kama ya saki, don haka ka ɗaga shi a haske ka ƙyasta da yatsa ka gani. Dubi gindinsa: ɗigon dalma guda biyun nan sukan cinye su yi lebur, ƙarafan mariƙin kuma su saki. Goge su da samfefa, ka ɗan ɗago ƙarfen da sukudireba don ya matse. Mariƙin da robarsa ta narke ko ta yi baƙi, canza shi kawai. Idan ƙwan halojin ne, kada ka riƙe gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Yanzu sai wayar jiki, wato wadda ke mayar da wuta zuwa ƙarfen babur. A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin ita aka fi mantawa kuma ita ta fi laifi. A tsarin Honda koriya ce, a Bajaj baƙa mai layin rawaya, a Suzuki baƙa mai layin fari. Alamarta ba ta ɓuya: ka danna hon fitila ta dusashe sosai, ko ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Wutar ce ta rasa hanyarta ta komawa, take bi ta cikin wasu ƙwayayen. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki guntuwar wayar nan, ka taɓa baki ɗaya a wayar jikin mariƙin ƙwai, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin injin. Idan haske ya ƙaru ko ƙiftawa ta tsaya, ka kama ɓarawon. Cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi, kwance notin da wayar jiki ke ɗaure, kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari, ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a sama don ruwa. Giris bayan an ɗaure ake sa shi.

Idan juya kan babur ne ke kashe fitilar, warware salatif ɗin damin wayoyin da ke wuyan babur. Waya takan karye a ciki alhali robarta lafiya lau. Ja kowace a hankali. Wadda ta miƙe kamar danƙo ta tsinke. Kada ka murɗa bakin biyu ka naɗe, wata guda ba zai yi ba. A yanke wurin, a ƙara sabuwar waya mai kauri ɗaya, a like da dalma, a bar mata sarari yadda kai zai juya ba tare da ya ja ta ba.

Makunnin dim da ful na shan ruwa, musamman bayan wanki da injin feshi. Buɗe shi a kan tire ko farin ƙyalle, saboda akwai ɗan sifirin da ƙaramin ƙarfe a ciki da suke tsalle su ɓace. Goge jan ƙarfen har korensa ya fita.

Fis kuma, duba lambar da ke jikinsa, galibi 10A ko 15A, ka mayar da irinta. Matse mariƙinsa idan yana lilo. Masu naɗa zaren waya ko takardar sigari a madadinsa suna jawo gobara a ƙarƙashin tankin mai, kada ka yarda a yi maka.

Sai duk wannan ya wuce za a zargi koyil da rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar koyil tana cajin batir. Sa mita a kan batir: injin a kashe ya nuna 12.4 zuwa 12.7, idan an ja totur tsaka-tsaki ya hau 13.5 zuwa 14.5. Idan ya wuce 15 yana ci gaba da hawa, rektifaya ba ta riƙe wuta, shi ya sa ƙwai ke yin haske fiye da kima yana ƙonewa a kai a kai. Amma kafin ka sayi wata, duba soket ɗinta da wayar jikinta, domin sakinsu ma yana kawo haka. Idan kuwa lambar ba ta motsa daga 12 ba, ko fitila na aiki da sanyin safiya ta ɗauke bayan injin ya yi zafi, bi wayoyin da suka fito daga murfin magneto ka duba soket ɗinsu. In yana da tsabta kuma a matse, a buɗe murfin a gwada koyil.

Mai son sa ƙwan LED ya fara tabbatar da tsarin baburinsa. Wanda aka yi don wutar batir, idan aka ɗora shi a layin magneto, zai riƙa rawa ko ya mutu da wuri, sai an ja masa layi daga bayan makulli tare da fis nasa.