Yadda Ake Karanta Alamomin Gargaɗi a Jikin Sinadarai

Yawancin sababbin ma'aikata a ɗakin gwaje-gwaje ko ma'ajiyar sinadarai, da zarar sun ɗauki kwalba, hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa kawai suke nema, idan ba su gan shi ba sai su saki jiki. Wannan hoto kuwa guba mai illa nan take kaɗai yake nunawa.

Ka fara da hotunan. Tsarin GHS, wato tsarin bai ɗaya na duniya na rarraba sinadarai da yi musu alamar haɗari, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafawa a 2003, yana da hotuna 9, kowanne baƙi ne a kan fari, kewaye da jan layi mai kusurwa huɗu. Biyu daga cikinsu ne aka fi rainawa. Harshen wuta a kan zobe yana nufin sinadarin yana ƙara wa wuta ƙarfi ko da shi kansa ba ya ci, saboda haka ba a ajiye shi kusa da mai ko takarda. Hoton mutum mai tauraro a ƙirji kuma yana nuni ne ga cutar da ke iya ɗaukar shekaru ba ta bayyana ba, kamar ciwon daji ko lahani ga haihuwa.

Daga nan ka duba kalmar gargaɗi. A takardar Turanci, Danger ta fi Warning tsanani. Kusa da ita akwai jimlolin haɗari, sau da yawa tare da lambar da ta fara da H: jerin 200 na gobara da fashewa ne, jerin 300 na lafiyar jiki, jerin 400 na muhalli. H314, alal misali, tana nufin mummunan ƙunar fata da lalata ido.

Mataki na uku shi ne inda na fi ganin mutane suna tuntuɓe, domin ma'auni biyu ne ake amfani da su, kuma lissafinsu ya saɓa wa juna. A tsarin GHS, rukuni na 1 ne mafi haɗari, yayin da lambar ke hawa haɗarin yana sauka. Amma a tambarin NFPA 704 na Amurka, mai gida huɗu, wanda ake gani a jikin tankuna da ƙofofin ma'ajiya, shuɗi na lafiya, ja na kamawa da wuta, rawaya na fashewa, 0 ce babu damuwa, 4 ce mafi muni. Man fetur kan zo a rukuni na 1 a takardar GHS, a jan gidan NFPA kuma yana da 3, duka biyun suna cewa yana saurin kamawa da wuta ƙwarai. Wanda ya saba da NFPA, ya ga 1 a takardar, zai ɗauka abin mai sauƙi ne, ya buɗe shi kusa da tartsatsi. Don haka kada ka amince da lamba sai ka tabbatar da tsarin da ta fito. Ka kuma sani cewa domin 'yan kwana-kwana aka tsara NFPA, ba ya cewa komai game da cutar da ke taruwa a jiki sannu a hankali. Farin gidan ma a duba shi: harafin W da aka ratsa da layi yana nufin kada ruwa ya taɓa sinadarin.

Sauran aikin yana cikin takardar bayanin kariya ta SDS mai sashe 16, wadda ya kamata mai sayarwa ya bayar. Ban ga dalilin karanta ta duka a tsaye ba, amma sashe na 4 na agajin gaggawa, na 8 na kayan kariya, da na 10 na abubuwan da ba a haɗa shi da su, wajibi ne kafin a cire murfi. Idan kuma ka juye sinadari a wata kwalba, ka rubuta sunansa da haɗarinsa a jikinta nan take, kuma kada ta kasance kwalbar abin sha.