Yadda ɗalibi zai sauke jirgin koyo ba tare da karya tayar gaba ba

Yawancin ɓarnar da ɗalibai ke yi wa ƙananan jiragen koyo, irin Cessna 172 ko Diamond DA40 da ake koyarwa da shi a kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wajen sauka take faruwa, kuma sau da yawa gudu ne ya yi yawa. A Cessna 172, in ka sauke filaf (faifan bayan fiffike da ke ba jirgi damar tafiya a hankali) gaba ɗaya, ka riƙe gudu tsakanin not 60 da 70 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi da na iska). In iska tana fizga, ƙara rabin bambancin kawai: iskar not 10 mai fizgowa zuwa 20, ƙarin 5 ya isa.

Jirgin da ya zo da rarar gudu ba ya yarda ya zauna, sai ya yi ta shawagi dab da kwalta. Ɗalibi ya ga titi na ƙarewa, hankalinsa ya tashi, ya tura sitiyari gaba. Tayar gaba ta riga manyan tayoyi taɓa ƙasa, jirgi ya yi tsalle, ya sake turawa a makare, tsalle na biyu ya fi na farko. Daga nan ƙafar gaba ke karyewa, farfela ta sari kwalta, bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da matuƙi ya lanƙwashe. Saran farfela kuwa ba ƙaramin abu ba ne, sai an kwance injin an duba cikinsa.

Da ka sauko kamar ƙafa 10 zuwa 20 daga ƙasa, rufe totur, ka kai idonka can gaba a kan titi, ba ƙarƙashin hancin jirgi ba. Ja sitiyari a hankali, ka ci gaba da ja yayin da gudu ke mutuwa, har manyan tayoyi su taɓa. Kada ka sake shi nan take. Bar hancin ya sauko da kansa. Dugaduganka su kasance a ƙasa, don birki yana saman fedojin da ke juya hancin jirgi, kada ka sauka kana taka shi.

In tsallen ƙarami ne, riƙe hancin inda yake, ƙara ɗan totur, ka sake zama. In babba ne, ko ya maimaitu, ko ka wuce kashi ɗaya cikin uku na titin ba ka taɓa ba, fasa saukar. Tura totur har ƙarshe, taka fedar dama don jirgin zai ja hagu, danne sitiyari don hancin zai nemi ɗagawa fiye da kima, mayar da filaf digiri 20. Sauran sai gudu ya ƙaru ka janye su kaɗan-kaɗan. Wanda ya janye su lokaci guda, jirgin zai nutse da shi. Masu kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya su jira, sai jirgi ya daidaita ka yi musu magana.

Iskar gefe ita ke fitar da ɗalibai daga titi zuwa ciyawa. Karkata fiffiken da ke ɓangaren iska ƙasa, ka miƙe hancin da fedar ɗaya ɓangaren, tayar ɓangaren iska ta fara taɓawa. Bayan ka sauka, ƙara juya sitiyari wajen iskar har ya ƙure. Iskar gefe ta not 15 da ke littafin Cessna 172 gwajin ƙwararren matuƙi ne. Kai iyakarka ita ce wadda malaminka ya rubuta maka kafin ya bar ka ka tashi kai kaɗai.