Yadda za ka gane but ɗin da aka yi da fatar jimar ɓawon itace, da yadda za ka riƙe shi

Idan za ka sa kuɗinka a takalmin but irin na gargajiya, wanda ake ɗinkawa don a yi shekaru ana sawa ana canja masa ƙasa, to kar idonka ya tsaya a saman takalmin kawai. Saman nan mai sheƙi shi kowa ke kallo, amma fatar da ke riƙe da takalmin tana ƙasa ne, wato tafin da ke taka ƙasa, da shimfiɗar ciki da ƙafarka ke zama a kai, da dunduniya, da siririyar fatar nan da ta zagaye takalmin wadda ake ɗinke sama da ƙasa a jikinta. A nan ne jimar ɓawon itace take da aiki sosai.

Bari mu fara da yadda ake yinta, don in ka fahimci wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. A cikin ɓawon wasu itatuwa akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa, shi ne yake shiga cikin zaren fata ya kama shi ya hana ta ruɓewa. A Turai itacen oak aka fi sani da wannan aiki, a Amurka kuwa a ƙarni na 19 sun fi amfani da ɓawon hemlok mai ba fata launin ja-ja. Ana saɓe ɓawon ne lokacin da ruwan itace ke hawa don a lokacin ya fi saurin rabuwa da jikin itacen, a shanya shi ya bushe sosai sannan a niƙa. Ita kuma fatar saniyar sai an jiƙa ta a ruwan farar ƙasa gashi ya saki, a kankare gashin da ragowar nama, a wanke, sannan a fara tsoma ta a ruwan ɓawo mara ƙarfi, ana matsar da ita daga wannan rami zuwa wancan, kowane ya ɗan fi na baya ƙarfi. Dalilin wannan jan ƙafar shi ne in ka jefa ɗanyar fata a ruwa mai ƙarfi kai tsaye, bayanta ne zai jemu ya toshe, tsakiya ta zauna ɗanya, irin wannan fatar kuwa tsagewa take yi in ta sha tafiya. Bayan nan sai a shimfiɗa fatun a rami mai zurfi, fata ɗaya garin ɓawo, fata ɗaya garin ɓawo, a cika da ruwa a bar su kawai.

Majemar J. & F.J. Baker da ke Colyton a yankin Devon na Ingila, wadda ita ce ta rage a Birtaniya tana wannan jima ta oak, fata na yin wajen wata 3 a ramukan farko sannan wata 9 a kwance cikin ɓawo, shekara guda kenan kafin a zo maganar shafa mai da busarwa. Ka kwatanta da jimar kurom, wato jima da sinadarin wani ƙarfe mai suna kurom maimakon tanin, wadda Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, da ake gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu a cikin ganga mai juyawa, kuma yau mafi yawan fatar duniya da ita ake jeme ta. Ba wai kurom ba ta da kyau ba ne, tana da laushi kuma ta fi jure ruwa da zafi, shi ya sa ta dace da saman takalmi. Amma ga tafi da shimfiɗar ciki gaskiya ba ta kamo ƙafar ta ɓawo ba, don waccan doguwar zama a rami tana barin zaren fata a matse, ta yi tauri ba nauyi, ta shanye gumi ta sake shi, sannan a hankali ta ɗauki siffar tafin ƙafarka.

To yanzu wajen saya. Tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce wane ɓangare na takalmin ne aka yi da wannan fatar. Da yawa za su rubuta "fatar jimar itace" alhali tafin kawai suke nufi, shimfiɗar cikin kuwa garin fata ne aka haɗa da gam aka matse. Ni dai a ganina gara ka samu shimfiɗar ciki ta gaske mai kauri ko da tafin na roba ne, don tafi ana canja shi, shimfiɗar ciki kuwa in ta mutu kusan takalmin ne ya mutu. Tambaya ta biyu, jimar rami ce ko ta ganga? Akwai fata mai yawa, musamman ta yankin Tuskani a Italiya, da ake jemewa da tanin da aka tato daga itacen mimosa da kebraco da cesnat, ita ma jimar itace ce ta gaskiya kuma tana da kyau ƙwarai ga saman but, sai dai ba ita ce ta rami mai shekara guda ba, kar a sayar maka da wannan da sunan waccan. Akwai kuma mai haɗi, kamar Chromexcel ta kamfanin Horween na Shikago, da ake fara jemewa da kurom sannan a bi da tanin.

Da idonka ma za ka iya gane wani abu. Nemi inda aka yanke fatar ba a rufe bakin da fenti ba, kamar gefen harshen takalmi ko ta ciki. Fatar kurom sau da yawa za ka ga tsakiyarta da launin toka mai ɗan shuɗi, ta ɓawo kuwa ruwan ƙasa ce daga sama har ƙasa. Shinshina, ƙamshin itace da ƙasa take yi. Ƙwanƙwasa tafin da yatsa ka ji ƙara kamar katako. In an yarda maka ka ɗiga ɗan ruwa a inda ba a shafa komai ba, za ta sha ruwan wurin ya yi duhu.

Ka saya, sai sawa. Kwanakin farko zai matse ka, wannan ba makawa, fatar tana da taurin kai kafin ta saba da kai. Ka riƙa sa shi awa biyu ko uku da safa mai kauri, ka cire, gobe ka ƙara. Kar ka bi shawarar masu cewa a jiƙa sabon but a ruwa don ya yi laushi. Kuma sawun farko-farko ka yi su a busasshiyar ƙasa, don sabon tafin fata yana da santsi, sai ya ɗan goge ƙananan tsakuwoyi sun shige shi sun yi masa kamar sulke kafin ya fuskanci ruwa.

Abubuwa uku ne ke kashe wannan fatar, kuma zafi ne babbansu. Jiƙaƙƙiyar fatar ɓawo tana fara ƙanƙancewa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 85, in ta ƙanƙance kuwa ta yi tauri kenan har abada, babu man da zai dawo da ita. Don haka in ruwa ya dake ka kar ka kai shi kusa da wuta ko hita, kar ka shanya shi a tsakar rana. Cire igiya, cusa masa takarda ta tsotse ruwan kana canja ta in ta jiƙe, kwantar da shi a gefensa a inuwa inda iska ke wucewa don tafin ma ya bushe, in ya kusa bushewa sai ka sa masa katakon nan mai siffar ƙafa. Ko ba ruwan sama, ka ba shi hutun kwana ɗaya tsakanin sawa da sawa saboda gumi.

Na biyu baƙin ƙarfe. Tanin in ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙi yake zama, da wannan haɗin ma aka yi ta yin tawadar rubutu shekaru aru-aru, kuma tabon ba ya fita da wanki. Kar ka ajiye jiƙaƙƙen but a kan ƙarfe mai tsatsa, kar ka goge shi da soson ƙarfe. Wannan ne ma ya sa masu ɗinkin but na da suke son ƙusar tagulla ko turakun katako.

Na uku yawan mai, kuma a nan mutane suka fi ɓata takalmi da kyakkyawar niyya. Abin da ya fi buƙata kullum buroshi ne, mai gashin doki in ka samu, ka kakkaɓe ƙura bayan ka dawo don ƙurar da ta maƙale a lanƙwasar gaba ita ke cin fata. Mai kuwa sai ka ga fatar ta bushe ta yi fari-fari, sannan ka lakato ɗan kaɗan, na kitsen sa ko mai haɗe da kakin zuma, ka fara gwadawa a wani lungu don duk mai sai ya ƙara mata duhu, ka shafa siriri ka bar shi ya kwana ka goge. In ka cika mata mai za ta saki jiki ta rasa siffa. Man inji da sauran na fetur kar su kusance ta. Wani lokaci za ka ga farin abu ya fito a kai lokacin sanyi, in ka murza da yatsa ya narke to kitsen cikin fatar ne ya taso, buroshi ya isa, in kuma yana wari to fumfuna ce, goge da tsumma da ruwa mai ɗan ruwan kal ka bar shi ya sha iska. Launi dai zai canja ko ka so ko ba ka so, hasken rana da hannu da mai za su mayar da shi duhu mai kyau, wannan halinta ne ba lalacewa ba.

Sai maganar canja ƙasa. Riƙa danna tsakiyar tafin da babban yatsa, in ka ji ya yi laushi yana lotsawa lokaci ya yi, kar ka jira rami ya ɓulle, kuma ka lura da bakin gaba kar cin ya kai ga siririyar fatar da ɗinki ke ciki, don in ta cinye aikin ya ninka. Ka kai wa shumeka wanda ya saba da ɗinkin Goodyear, wato ɗinkin inji a jikin siririyar fatar nan, ko ɗinkin hannu, ka gaya masa ɗinki kake so ba gam kaɗai ba, ya bi tsofaffin ramukan allura, kuma ya nuna maka fatar da zai sa kafin ya yanka. Ta gadon bayan saniya ake so ga tafi, mai kaurin wajen milimita 5, ta tumbin saniya sakwaf take ba ta jure taku.