Shawara ga mai kwana a Figuil

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda harkar siminti ko farar ƙasa za ta kai shi Figuil, garin nan na arewacin Kamaru da ke kan hanyar Garuwa zuwa Marwa, ga abin da na gani a ƙananan masaukan garin.

Kada ka karɓi ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Manyan motocin da ke ɗaukar siminti ba sa barin mutum ya runtsa, ga ƙura. Na taɓa kwana a irin wannan ɗaki, da asuba na tarar da farar ƙura ta lulluɓe jakata da sallayata, maƙogwarona kuwa kamar na haɗiyi toka. Ka nemi na can ciki, ko da za a ƙara maka 'yan sefa. Mai asma ya zo da maganinsa da takunkumi.

Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka ɗakin. Ka kunna fanka, ka murɗa famfo. In ba ruwa, a cika maka bokiti tun da rana, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke tsananta. Ka duba gidan sauro ko ya yage, da damina kam gara ka zo da naka.

Ka kuma tambaya ko akwai mashaya a harabar, don wasu masaukan kiɗa suke kwana yi.

Katin shaidarka ya kasance a aljihu, za a nema wajen rajista. Kuɗin sayen kaya ka bar su a asusun wayarka na Orange Money ko MoMo, kada ka ƙirga su a gaban mutane. Ka riƙo ɗan kwaɗonka na kulle ƙofa.