Yadda Ake Zaɓen Furannin da Za a Shuka a Gefen Mashigar Mota

A yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a Zariya, ko a Hanwa ne ko Samaru ko Palladan, idan an gama shimfiɗa intalok ko zuba kankare daga get zuwa ma'ajiyar mota, akan bar wata 'yar siririyar ƙasa tsakanin daɓe da katanga, wadda faɗinta bai cika wuce ƙafa biyu ba. Babu wurin da ya kai wannan wuyar sha'ani a duk tsakar gida, domin ƙasarsa kaɗan ce, daɓen da katangar suna ɗaukar zafin rana su mayar wa shuka, sannan ga mota tana wucewa ta jikinsa safe da yamma. Saboda haka zaɓen abin da za a shuka a nan yana farawa ne daga sanin wurin, tun kafin a je gun mai sayar da fulawa.

Abu na farko shi ne awo. A shigo da motar a tsayar da ita inda aka saba tsayarwa, a buɗe ƙofofinta gaba ɗaya, a ga inda bakin ƙofa yake kaiwa. Ƙofar ƙaramar mota idan ta buɗe sosai tana cin kusan ƙafa uku, kuma duk shukar da ta shigo cikin wannan tazara, ko ƙofa ta riƙa karya ta, ko ita ta riƙa kama rigar mai fitowa. A daidai wurin da ake sauka daga mota, shukar da ba ta wuce tsayin ƙafa ɗaya ba ita ce ta dace. Masu ɗan tsayi sai a kai su can gaba, inda mota wucewa kawai take yi. A bakin get kuma kada a sa abin da zai tare wa direba gani sa'ad da yake fita da baya, musamman a unguwannin da yara suke wasa a ƙofar gida. Idan faɗin ƙasar bai kai ƙafa ɗaya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: a zuba tsakuwa, a jera tukwanen fulawa biyu ko uku a inda ba za su tare hanya ba.

Daga nan sai a duba rana. Gindin katangar da take fuskantar yamma shi ne mafi zafi, saboda ranar la'asar tana dukan sa kai tsaye, a watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 35, bulon ba ya hucewa sai bayan magariba. Gindin katangar da take fuskantar gabas ya fi sauƙi. Wanda yake arewacin katanga yana samun inuwa mai yawa da hunturu, domin a wannan lokaci rana tana karkata ne ta kudu. Ya kamata a lura da wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, kafin a yanke shawara.

Babban abin da yake ruɗar masu saye shi ne damina. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. A cikin waɗannan watanni kowace shuka kyakkyawa ce, kuma a lokacin ne mutane suka fi tsayawa gefen titi su sayi abin da ya burge idonsu. Amma shukar za ta yi wajen rabin shekara kusan babu ruwan sama, tana shan ƙurar hunturu da busasshiyar iska, a garin da gidaje da yawa suke dogara ga rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa. A ganina, wanda yake so ya san abin da zai rayu a gidansa, ya zaga unguwarsu a watan Maris ya dubi abin da yake tsaye kore a gidajen da ba su da mai ban ruwa na musamman. Abin da ya gani a nan ya fi duk wani yabon mai sayarwa.

Cikin waɗanda suke cin wannan jarrabawa, moda ce a gaba. Ganyenta a miƙe yake tashi sama, ba ya kwantowa kan hanya, tana jure rana tana jure inuwa, kuma ko an yi makonni ba a ba ta ruwa ba ba ta nuna damuwa. Akwai mai ratsin rawaya a gefen ganye wadda masu fulawa suke sayarwa, ita ta fi kyau a jikin katanga. Aibinta ɗaya, tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, don haka bayan shekara biyu ko uku sai an tono an rage ta, a ba maƙwabta abin da aka cire. Alobera ma haka take wajen haƙuri, sai dai ganyenta yana baje wa gefe, ga 'yan ƙayoyi a bakinsa, shi ya sa ba a sa ta inda ake sauka daga mota.

Mai son fure sosai, binka ta ishe shi, wato 'yar gajeriyar shukar nan mai fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wadda take fure kusan duk shekara idan tana samun ɗan ruwa, kuma take zubar da iri ta sake tsirowa da kanta. A bakin daɓe kuma, inda ake son abin da yake kwance a ƙasa, sai fotulaka, mai ganye kamar allura cike da ruwa, wadda furenta yake buɗewa da hantsi ya rufe kafin yamma. Reshenta kawai ake karyowa a soka a ƙasa ya kama. Ita shukar da ake kira ƙarya, da take fitar da furenta mai ruwan hoda a tsakiyar rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, tana da kyau ƙwarai idan aka dasa ɗaya ko biyu a matsayin abin jan ido. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu: ruwan jikinta guba ne, don haka gidan da yake da ƙananan yara ya yi tunani kafin ya dasa ta, sannan gindinta yana ruɓewa idan ruwa ya kwanta masa a watan Agusta, shi ya sa ake dasa ta a kan ɗan tudu mai yashi.

Sai batun shinge. Duranta mai ganyen rawaya, wadda ake gani a yanke tsaf a gaban ofisoshi da makarantu, tana yiwuwa a wurin da ya kai ƙafa biyu, amma a sani cewa kyanta a almakashi yake. Da damina sai an aske ta kamar sau ɗaya a wata, in ba haka ba ta yi reshe ta shigo hanya. Lalle ma yana yin shinge, ga furensa da ƙamshi, ga jure fari, sai dai idan aka bar shi ya zama itace kuma tsohon reshensa yana yin tsini. Wanda ya san ba zai samu lokacin aski ba, ya tsaya a kan moda.

Akwai waɗanda bai kamata su kusanci wannan wuri ba ko kaɗan. Boganbiliya, fulawar nan mai hawa kan katanga, ta fi kowace shuka ƙawata rani, amma ƙayarta tana karce fentin mota, kuma ƙarfin girmanta ya fi ƙarfin ƙafa biyu na ƙasa. Darbejiya da mangwaro da ceɗiya da durumi, saiwarsu tana ɗaga intalok ta tsaga katanga, ko da kuwa a leda aka kawo su suna 'yan ƙanana. Tambayar da za a riƙa yi wa mai sayarwa ita ce, ina iyakar tsayi da faɗin wannan shuka idan ta manyanta? Kayan miya da na shayi irin su ɗoɗɗoya da na'ana'a kuwa, a nema musu wuri a bayan gida, nesa da hayaƙin salansa da ruwan wankin mota.

Ƙasar gefen katanga yawanci ba ƙasar noma ba ce, tarkacen gini ne: guntayen bulo, busasshen siminti, da burjin da aka yi ciko da shi. Ragowar siminti yana canza yanayin ƙasa har wasu shuke-shuke su kasa jan sinadarin ƙarfe, abin da ya sa ake ganin ganyen fulawar da ake kira iksora yana yin rawaya a gindin sabuwar katanga duk da ana ba ta ruwa. A haƙe zurfin ƙafa ɗaya da rabi, a yi hankali da fayif ɗin ruwa da wayar wuta da akan binne a irin wannan wuri, a tsince tarkacen, a mayar da ƙasa mai kyau kashi uku da ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, a ƙara yashi idan ƙasar mai danƙo ce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A tsince saiwar kiri-kiri da 'ya'yan aya-aya tun a wannan mataki, domin idan suka shiga tsakanin furanni fitar da su aiki ne ja. Yana da kyau a jera bulo ko dutse a bakin daɓe, ya ɗan fi shi tudu, don ya tare ruwan omo da baƙin mai, amma a bar 'yar kafa a ƙarshen layin inda ruwan sama zai fice.

Wajen jerawa, iri biyu ko uku da aka maimaita daga get har ciki sun fi iri goma da aka cakuɗa, domin wuri siriri ba ya ɗaukar tarkace. Misali, layin moda a jikin katanga da tazarar ƙafa ɗaya tsakaninsu, fotulaka a gabansu, sai binka a inda ƙasar ta ɗan faɗaɗa. Lokacin dashe shi ne watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, don saiwa ta samu wata uku ko huɗu tana kama ƙasa kafin ɗaukewar ruwa. A rufe saman ƙasar da ƙananan tsakuwa maimakon busasshiyar ciyawa, saboda ciyawa tana gayyato gara zuwa gindin gini. A ranin farko a riƙa ba su ruwa sosai sau biyu a mako, da sassafe ko da yamma, a zuba a gindi ya ratsa ƙasa, sannan lokaci zuwa lokaci a watsa wa ganyen ruwa don a wanke ƙurar hunturu. Idan get ɗin yakan kwana a buɗe ko awakin unguwa suna shigowa, a kewaye sabon dashen da ragar waya har sai ya yi ƙarfi.