Kurakuran da muke yi wajen auna malaman da ke koya mana aikin hannu a asibiti

Ƴan uwa ɗaliban likitanci na nan Gombe, musamman ku da kuka fara zagayen wod, wato ɗakunan kwantar da marasa lafiya, a Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH), in aka miƙo muku fom ɗin auna malami a ƙarshen fostin, wato zaman koyon aiki a wani sashe, don Allah ku daina cike shi a tsaye kuna sauri za ku hau Keke.

Babban kuskurenmu shi ne muna ba wa fara'a maki maimakon koyarwa. Malami ya iya zance, ya sa mu dariya, shikenan maki biyar biyar har ƙasan fom, alhali ka gama fostin ɗin nan ba ka taɓa sa kanula, wato ƴar robar da ake sawa a jijiya, da hannunka ba. Ba mu kaɗai ba ne, a 1973 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka kawo ɗan wasan kwaikwayo aka ce masa Dakta Fox, ya yi lacca mara kan gado da salo mai daɗi, ƙwararru suka yaba masa. To gyaran shi ne ka tambayi hannunka. Akwai tsarin koyar da aikin hannu da ake kira tsarin Peyton mai matakai huɗu, malami ya yi aikin kana kallo, ya sake yi a hankali yana bayani, sannan kai ka riƙa faɗa yana yi, a ƙarshe ka yi da kanka. Wa ya kai ka mataki na huɗun nan? Wa ya tsaya a kanka lokacin da ka ɓata jijiya, ya ce sauke allurar kaɗan, ka ja fatar da babban yatsa? Shi ne mai makin.

Sai ramuwa. An tsare ka da tambaya a rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, ko jarrabawar aikin hannu ta OSCE ta ba ka wuya, sai ka huce a kan fom, wannan wallahi zalunci ne. Tsanani daban, wulaƙanci daban. Wanda ya tozarta ka gaban mara lafiya ka rubuta hakan ƙarara, amma wanda ya sa ka maimaita awon hawan jini har ka iya ba maƙiyinka ba ne.

Wasu kuma kunya ce, ai malami uba ne ba a kushe shi, sai su bar gurbin sharhi fayau ko su rubuta yana da kirki. Kirki ba ya gyara komai a jadawali. Rubuta abin da ya faru, misali mu ashirin muke taruwa kan gado ɗaya na baya ba ya ganin komai, a raba mu gida biyu. Kuma in safar hannu ta ƙare ko mutum-mutumin gwaji ya lalace ba laifin malami ba ne, ka kai ƙorafin ga sashen.

Kar ku manta da rejistra, wato likitan da ke neman ƙwarewa, da sistar da ta koya muku sa robar fitsari da dare bayan kwansaltan, wato babban likita, ya tafi gida, in babu sunansu a fom ɗin ku rubuta shi a gurbin sharhi.