Yadda za ki yi jinyar babba mai ciwon fuka a gida idan hunturu ya kama

Da zarar watan Nuwamba ya shigo, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta fara rufe gari, duk gidan da ke da tsoho mai asma ko mai tsohon ciwon ƙirji ya san barci ya ƙare sai wajen Maris. Shekara shida ina jinyar Baba a kan wannan lalura, kuma abin da na gane shi ne yawancin aikin a ɗaki yake, a hannun mai jinya, tun kafin a kai ga likita. Da mata nake magana don galibi mu ake bar wa jinya, amma maza ma ku karanta.

Ki fara da ɗakin da yake kwana. Mu Hausawa muna son ƙamshi, to amma turaren wuta da igiyar leko da maganin sauro na fesawa duk abokan gabar mai fuka ne, ki fitar da su ki ɗaura masa gidan sauro kawai. Shara kuwa kada a yi ta yana ciki, a yayyafa ruwa tukuna ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, darduma da labule a kai waje a kakkaɓe. Babban abin da na fi jin tsoro shi ne kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga wai don tsoho ya ji ɗumi, wallahi wannan kisa yake, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci zai yi ya wuce, haka ma hayaƙin janareta idan an ajiye shi gindin taga. Ki ƙara masa bargo da safa da hular sanyi. In zai fita masallaci da asuba ya sa takunkumi ko ya rufe hanci da rawani.

Sai kwanciya. Mai sarƙewar numfashi ba a shimfiɗe shi rigingine, nan ne ƙirji ke ƙara toshewa. Ki jingina shi da filo biyu ko uku ya zama kamar a kishingiɗe, idan kuma abin ya motsa ya tashi zaune a bakin gado, ƙafa a ƙasa, ya ɗan sunkuyo gaba ya ɗora hannuwa a kan gwiwa ko a kan tebur. Ki koya masa ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta baki a hankali yana ƙirga huɗu da leɓe a tsuke kamar mai hura koko mai zafi. Baba da farko dariya ya yi min, ya ce ke Uwata yanzu numfashi ma sai an koya min, amma daga baya shi da kansa yake yi kafin in ce komai.

Maganar inhela, wato maganin fuka da ake fesawa a baki a shaƙa, ita ce inda mutane suka fi kuskure, kuma akwai camfin da ke yawo cewa wai wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita, wannan ba gaskiya ba ne. Iri biyu aka fi bayarwa: shuɗiyar nan, Ventolin ko salbutamol, ita ce ta gaggawa mai buɗe hanyar iska nan take, sai ta kullum wadda sau da yawa ruwan ƙasa ce, ita ba ta aiki nan take, kumburin ciki take hanawa, don haka ko yana jin garau sai ya shaƙa yadda likita ya rubuta, kuma bayan ya gama ya kuskure baki ya tofar don kada farin ƙwayar cuta ya fito masa a harshe. Yadda ake yi: a girgiza, ya fitar da numfashi, ya kama bakin inhelar da leɓe, ya danna daidai lokacin da ya fara jan iska a hankali, ya riƙe kamar daƙiƙa 10. Tsofaffi da yawa ba sa iya haɗa dannawa da ja, sai maganin ya ƙare a harshe. Maganin wannan shi ne sifesa, wata 'yar roba da ake sa wa tsakanin inhela da baki, in babu ita ana huda gindin gorar ruwa mai tsabta ta rabin lita a cusa inhelar, ya kama bakin gorar, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi huɗu zuwa biyar. Ki sa nas ta nuna miki da idonki tukuna.

Idan ciwon ya taso, ki zaunar da shi, ki kori 'yan kallo daga ɗakin don cunkoso da salati da koke-koke firgita shi suke ƙara yi, ki ba shi shuɗiyar fesa ɗaya duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya har zuwa goma. In bai lafa ba, mota kawai sai asibiti. Kada ki tsaya jiƙa wani abu ko turara masa hayaƙi.

Ki saba ƙirga numfashinsa, ki kalli ƙirji yana hawa da sauka minti ɗaya cur ba tare da kin gaya masa ba. Na babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne, in ya haura 25 yana hutawa akwai matsala. Idan da hali ki sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin, mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, in ya sauka ƙasa da 92 a nemi likita, sai dai masu tsohon ciwon huhu irin na taba sigari ko hayaƙin girki su likita kan ce 88 zuwa 92 ya ishe su, ki tambaya wanne ne naku. Yatsa mai sanyi yana sa ta yi ƙarya, ki murza masa hannu tukuna. Amma ko babu na'ura, in ya kasa ƙarasa magana ɗaya sai ya tsaya, ko leɓe da harshe sun yi toka-toka, ko ya fara sambatu ko wani irin barci, ko kuma kukan ƙirjin ya ɗauke ɗif alhali yana ta fama, wannan ba sauƙi ba ne, asibiti ne ko ƙarfe biyun dare ne.

Ruwan ɗumi ya riƙa sha akai-akai yana sassauta majina, sai in likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, cikakken tuwo yana danne ƙirji, ya ci a zaune kuma kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Wanda yake kwance ba ya tashi a riƙa juya shi duk awa biyu. Ki riƙa duba kakinsa, in ya koma kore ko ruwan ɗorawa ga zazzaɓi ga ciwon haƙarƙari, wataƙila nimoniya ce. Maganin ciwon jiki na kemis irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar wa wasu masu asma da ciwon, kada a ba shi sai an tambaya.

Tari kuwa da ya kai mako biyu, musamman da rama ko gumin dare ko jini a kaki, kada a ce ai fukarsa ce ta kullum, a kai kakin a gwada tarin TB, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, wata shida ake sha ba fashi ko da ya ji ya warke. Kafin sakamako ya fito a bar taga a buɗe da rana, jikoki ƙanana kuma su daina kwana ɗakin.

Ni dai har gobe shuɗiyar inhela biyu nake ajiyewa, ɗaya ƙarƙashin filon Baba ɗaya a aljihun rigarsa ta masallaci, katin asibiti da tocila kuma suna cikin leda a rataye bayan ƙofa, lambar mai adaidaitan unguwarmu a rubuce a jikin bango.